Ruwan Gindin Duro: Tunawa da Garba Mai Inji

Kafin in ce komai, ga tambaya, ku riƙe ta a kunci kamar goro. 'Yan'uwa ne biyu, uwa ɗaya uba ɗaya. Babban ya ce akwai ruwa a cikin man, ya zuƙo shi a kwalba kowa ya gani. Ƙaramin ya dafa Alƙur'ani ya ce bai zuba ba, bai sa an zuba ba, ba kuma haka aka sayar masa ba. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. To, wa ya zuba? Kada ku yi saurin amsawa. Ƙauyenmu kaf ya yi sauri, kuma babu wanda ya canka.

Ina baza shinkafar da na turara a tsakar gida labarin ya iso, amma tun kafin ya iso jikina ya ba ni. Hantsi ya ɗaga, injin Garba bai tashi ba. A ƙauyen nan namu na bakin ruwa, ta wajen Wara, ba mu da agogon da ya wuce wannan inji. Da ya fara bugawa, mata sun san lokacin ɗaukar kwano ya yi. Na ce a raina, shi ke nan, Sarkin Zargi ya sake samun man da bai kwanta masa ba, yau ma turmi za mu koma. Har na tanadi baƙar maganar da zan yaɓa masa. Sai ga Haruna, babban ɗansa, magidanci mai iyali, ya yi sallama ya durƙusa a gefen tabarma, bai ko gaishe ni ba. Ya ce, "Inna Kulu, Baba ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Garba ya yi asuba a masallaci, ya dawo ya ce wa matarsa Ladi ƙirjinsa ya yi nauyi, ya kishingiɗa ya ce a ba shi ruwa. Kafin ta kawo, rai ya yi halinsa. Baƙar maganar da na tanada tana nan a bakina har yau, na rasa wanda zan ba.

An yi jana'izarsa kafin azahar. Maza suka cika ƙofar gida, mata suka cika ciki. Akwai na masallaci, akwai na coci, akwai Kambarin tudu da ke sauko masa da dawa ran kasuwa, suka zo da kwandunansu a kai suka ajiye a bakin rumfa suka zauna. Kowa da niƙan da Garba ya taɓa yi masa.

Ɗan kawuna ne, abokin wasana tun muna wasan ƙasa. Ni na sa masa Sarkin Zargi, shi kuma ya sa mini Rediyo. Mun tsufa, na yi jikoki shi ma ya yi, amma ban taɓa shiga rumfar injinsa na fito ba mu taɓa ba. Saboda haka kada ku jira in ce muku mutum ne mai sauƙi don kawai ƙasa ta rufe shi. Da zai ji na yabe shi tas babu gauraye, da ya ɗaga yabon ya duba shi a rana. Mutum ne mai zargi, kuma yawancin zarginsa a kan abu ɗaya ya ƙare, wato man gas da injin niƙa ke sha, wanda 'yan boko ke ce wa dizal.

Ga yadda yake yi. Ba ya sayen mai a bakin hanya. Ba ya saye ranar da tanka ta sauke a gidan mai, wai ranar duk dattin da ke kwance a rijiyar man ya taso. Jarkokinsa na gas, na gas ne kaɗai. Jarkar da ta taɓa ganin kananzir ko fetur ko manja, ko ta sarki ce ba za ta shiga rumfarsa ba. In ya kawo mai gida, sai ya tsiyaya a farar kwalba ya ɗaga ta saitin rana. So yake ya gan shi garau, har ya hango yatsunsa ta bayan kwalbar. In ya yi dishi-dishi kamar ruwan wankin shinkafa, ya ce da ruwa a ciki. Sannan ya ɗiga a yatsa ya murza. Gas na gaske yana da santsi, yana daɗewa a fata. Wanda aka yi wa algus da kananzir sai ka ji shi garas, nan da nan ya bushe. Daga nan ya kai hanci. Wata rana na ce masa, "Saura ka lasa, Garba." Ya ce, "Da harshe na faɗa mani abin da hanci bai faɗa ba, da na lasa, Rediyo."

Duk wannan bai isa ba, sai man ya kwana. Ya juye shi a duro, ya tokare gefe ɗaya da dutse duron ya ɗan karkata, ya bar shi. Washegari ya zura siririn tiyo har gindi ya zuƙo na ƙasan a kwalba. In akwai ruwa, can yake kwanciya, ka ga layinsa raɗau a ƙarƙashin man. Na sama kaɗai yake ɗiba, shi ma sai ya bi ta ƙyalle a bakin mazurari. Na gindi kuwa wankin ƙarafa. "Bari shi kwana" ita ce kalmarsa. In an kawo masa mai, bari shi kwana. In an kawo masa tsegumi, bari shi kwana. Da aka zo neman auren ɗiyarsa ma abin da ya ce ke nan, har iyayen yaron suka ɗauka korarsu aka yi cikin dabara.

Ƙyallen tatar nan, in ba ku sani ba, kallabina ne. Na yi gammo da shi na kai niƙa, na sauke kwano na ajiye shi a kan buhu. Ya ɗauka ya warware, ya ɗaga shi a rana, ya ce saƙarsa a matse take kuma ba ya zubar da zare. Na ce ya ba ni abina. Ya ce, "Kan nan naki da ya fi dutse tauri, mi zai yi da gammo? Inji ya fi ki bukata." Haka na koma gida da gari a kan tsurar kai, ina tsine masa yana dariya.

Na taɓa tambayarsa dalilin wannan wahala duka. Ya ce, "Kulu, ke in an ba ki abinci da tsakuwa, tofarwa kike yi, ki zagi mai dahuwa. Inji ba shi da bakin tofarwa. Haɗiyewa yake, shekara ta kewayo shi mutu, a ce tsufa ne." Ya ce ruwa na sa famfon da ke tura mai ya yi tsatsa, datti na toshe ƙananan hujojin da man ke fesowa, kananzir kuwa ba shi da maiƙo, sai ƙarfe ya riƙa cin ƙarfe. Hayaƙi ma karanta shi yake. In ya ga fari ya kashe inji ya koma kan kwalba, in ya ga baƙi ya kwance matatar mai ya wanke. Da yamma kafin ya rufe rumfa sai ya cika tanki fal, wai tankin da ya kwana rabi gumi yake yi ta ciki.

A shekarun nan da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, mai ya yi ta wahala. Gidajen mai a rufe, 'yan bumburutu a kowace kwana da jarkoki. Na tuna wani da ya zo daga wajen Shanga a kan babur, baki kamar zuma, ya ce nasa daga tanka ya fito kai tsaye. Garba ya murza, ya shinshina, ya ce, "Wanga ya dace da fitila. Kai wa Kulu, ita ke kwana tana surutu." Mutumin ya ce ai sauran masu inji sun saya. Ya ce, "Allah shi ba su lafiya." In bai sami man da ya yarda da shi ba, rufe rumfa yake yi. Mu mata muka zage shi son ranmu, ni ce kan gaba. Amma a irin waɗannan ranaku da kansa yake bin gidajen tsofaffin da hannunsu ba ya iya taɓarya, ya ɗaure hatsinsu a bayan keke ya kai Wara a niƙo, ya dawo musu da shi. Bai taɓa faɗa ba, a bakin tsofaffin na ji. Injinan da suka sha duk abin da aka ba su kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka yi shiru. Nasa yana nan.

Yanzu sai in zo kan Mamman, ƙanensa, don ba za a ba da labarin Garba a tsallake shi ba. Mamman fataucin mai yake yi. Yana sayowa a Yelwa ya kawo a jirgi, fetur da kananzir a jarkoki don masu kwale-kwale da matan gida, gas kuma a duro. Da ya fara sana'ar, Garba ya yi murna ƙwarai. Ya karɓi duro guda ya riƙa zubawa kai tsaye, wai na ɗan'uwa ba ya bukatar dubawa. Tsakiyar kakar shinkafa inji ya fara tari, ya yi farin hayaƙi, ya tsaya cak. Bakanike ya buɗe famfo ya tarar da tsatsa. Kafin a samo wani daga Kontagora kaka ta wuce, gidan Garba ya sha wuyar da ba zan faɗa ba. Garba ya zuƙo gindin duron, ga ruwa. Tun daga ranar ya zama Garban da na ba ku labari.

Ya kai wa Mamman kwalbar. Ina wurin, don ba a yin irin wannan babu ni.

Mamman ya ce, "Yaya, mi kake nufi? Ni zan zuba ma ruwa?"

"Ni ban ce ka zuba ba. Na ce akwai."

"To wa ya zuba, in ba ni ba?"

"Ban sani ba. Na ce akwai."

Mamman ya sake kawo wani duron don ya wanke kansa. Ya kwana, aka zuƙo, akwai. Ya sauya gidan mai ya kawo, akwai. Daga nan Garba ya daina karɓa. Na ce masa tunda ruwan a gindi yake kwanciya, ya ɗebi na sama mana, a zauna lafiya. Ya ce, "Man da ban san ta inda ruwa ya shige shi ba, ban san mi kuma ya shiga ba." Sai ya koma bin motar kasuwa da jarkokinsa yana sayo mai da kansa, in damina ta yanke hanya ya rufe rumfa. Jirgi kam ba ya shiga. Tun da ruwan dam ya ci tsohon garinmu, da kabarin mahaifinsu a ciki, Garba bai sake taka bakin gulbi ba. Ko tashar jirgi ba ya zuwa.

Zan yi masa shaida guda, kuma zan maimaita ta gobe kiyama. Bai taɓa kiran ƙanensa macuci ba, ko a gabansa ko a bayan idonsa. Na sha jan bakinsa, ban samu ba. Gari ne ya kira. In an ce yayan mutum ma ba ya sayen mansa, me ya rage? Aka sa masa Mamman Ruwa-Ruwa. Gaisuwar 'yan'uwan biyu ta koma ta Salla da ta jana'iza. Ni kuwa, in kuna son sani, ina cikin masu zargi. Mutumin da ke zuba turare haka da yawa, kullum ina cewa akwai abin da yake rufewa.

Ranar sadakar uku, ana zaune ana karɓar gaisuwa, masu hatsi na kawowa, masu goro na kawowa, sai ga Mamman da majiya ƙarfi suna gangaro duro. Suka tsayar da shi a ƙofar rumfar inji, gaban kowa. Ya ce, "Wanga gudummawata ce ga marayun Yaya. Shi ya ƙi man wurina yana raye. In ɗiyansa ma sun ƙi, na san matsayina, ba ni sake tako gidan ga."

Ladi tana takaba, ba ta fita. Ta aika aka kira ni ɗaka. Ga ƙanana a gabanta, cinsu da suturarsu duk a bakin injin nan suke. Shinkafa ta nuna a fadama, kaka ta kawo kai, jarkokin Garba kuwa sun kusa ganin gindi. Ta ce, "Yaya Kulu, in na ce a zuba, inji ya mutu, mi zan ba yaran ga? In na ce a mayar, na raba su da ƙanen ubansu, shi kaɗai ya rage masu. Ki faɗa mani yadda zan yi."

Na ce, "Da Malam Garba na nan, mi zai ce?"

Ta share hawaye da bakin mayafi ta ce, "Bari shi kwana."

Muka yi dariya muna kuka.

Duron ya kwana. Da safe Haruna ya zura tiyo ya zuƙo, ya ɗaga kwalbar yadda ubansa ke yi. Ga ruwa kwance a ƙasa, babu mai cewa bai gani ba. Mamman na tsaye. Sai ya je ya yi alwala, ya kira liman, ya dafa Alƙur'ani a gaban jama'a ya yi rantsuwar da na faɗa muku. Na ƙura wa fuskarsa ido. Na ga maƙaryata da yawa a rayuwata, na ma auri ɗaya, Allah ya jiƙansa. Wannan fuskar ba ta yi mini kama da tasu ba. Amma ni ba a saye na da fuska.

Na ce, "Mamman, yaushe za ka koma Yelwa?"

"Ran kasuwa."

"Da ni za ka. Daga gidan mai har ƙofar rumfa idona na kan duron. In kai ne, zan kama ka. In matuƙan jirginka ne, zan kama su. In aljani ne, shi ma shi shirya."

Ya ce, "Ki zo, tsohuwa. Amma in jirgi ya yi tangaɗi kada ki riƙe ni."

"Wa zai riƙe ka da wanga turare? Gara in faɗa ruwa."

Na ce wa Haruna kada ya zuba, kada ya mayar, ya lallaɓa da ragowar jarkokin ubansa har mu dawo.

Duro biyu Mamman ya kai, ɗaya na shagonsa, ɗaya madadin gudummawa. A gidan mai na sa aka kifa su aka girgiza, na ɗaura tsumma a sanda na zura na zaro. A bushe suke ƙayau. Mai zuba man ya dube ni ya ce, "Inna, gwamnati ce ta aiko ki?" Na ce, "Wanda ya aiko ni ya fi gwamnati tsanani." Aka cika su ina tsaye. Na tsiyaya a kwalbar Garba na ɗaga a rana, na murza, na shinshina. Garau. Mamman ya naɗe murafun da leda ya murɗa, don robar bakinsu ta daɗe da cinyewa. Na ga ya yi, ban kawo komai a raina ba.

A jirgi na zauna tsakanin duro biyun. Rana ta buɗe, ƙarfen ya ɗau zafi har ba ya taɓuwa. Ban yi gyangyaɗi ba. Ƙosan da aka miƙo mini ma ban karɓa ba, don kada a ce an toshe mini baki. Duk wanda ya matso sai na bi hannunsa da ido. Wata mata mai goyo ta tambaye ni ko zinariya nake gadi, na ce mata ta matsa can da gorar ruwanta. Babu wanda ya taɓa murfi. Da muka doshi gida bayan la'asar, zuciyata ta fara cewa, to ko dai a shago ake yin aikin?

Tashar jirginmu kun san ta, taɓo ne, jirgi mai kaya ba ya iya matsowa gaɓa. Jarkoki a kai ake fitar da su. Duro kuwa ya fi ƙarfin kai. Sai matuƙan suka tura na farko cikin ruwa, ya nutse ya taso, bayansa kaɗai a waje, suka bar shi nan suka shiga sauke buhuna. Na ce, "Mi ya sa kunka bar shi?" Suka ce ai haka ake yi kullum, shi huce tukuna, zazzafan mai ba a gangara shi, sannan a ja shi ta ruwa har gaɓa. Ina kallonsa. Can sai na ji ya ce gwam, kamar an doke shi daga ciki. Na leƙa ta gefen jirgi na juyo shi da hannu. Ledar bakin murfi, wadda na gani da idona tana reto a waje, ta shige ciki saura ɗan bakinta, murfin kuma yana wata tsuwa kamar ana tsotsar rake.

Sun kama na biyu za su tura, na haye kansa na zauna, zafi ko ba zafi.

Na ce, "Wanga ba shi taɓa ruwa. Ku nemo katako."

Babban matuƙin ya ce, "Haba Inna, magariba za ta same mu nan."

"To ku tura mu tare."

Mamman ya ce, "Ku yi mata abin da take so. In ba haka ba har gobe muna nan, na san ta."

Aka nemo katako aka shimfiɗa daga bakin jirgi zuwa busasshiyar ƙasa, majiya ƙarfi suka gangara shi suna zagina a ciki ina jin su. Na ɗaura wa wanda ya yi wanka jan tsumma. Na ce duka biyun a rumfar inji za su kwana, makulli a haɓar zanena.

Da safe aka taru fiye da yadda na so, don ƙauye ba ya raina abin kallo. Haruna ya zuƙo na mai jan tsumma. Ruwa. Ya ɗauki wata kwalba ya zuƙo na wanda ya bi katako, ya ɗaga a rana. Garau har ƙasa. Ya karkata duron ya sake zurawa, ya sake. Babu ko ɗigo.

Mamman ya karɓi kwalaben biyu ya daɗe yana kallo. Na ɗauka zai juyo ya ce wa gari, to kun gani. Sai ya zauna a kan buhu ya ce, "Ashe da gaske akwai." Can ya ce, "Kuma bai taɓa cewa ni na zuba ba. Ni na ji haka." Dattijo da furfurarsa ya ja hannun riga ya rufe fuska. Waɗanda suka zo kallo suka sulale ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Mamman ne ya riƙe mazurari, Haruna ya zuba, ya kama hannun inji ya juya. Inji ya tashi, hayaƙinsa siriri. Ladi ta aiko daga ɗaka a ce wa Baba Mamman ya shigo ya ci abinci tare da yara, ya kuwa shiga. Duron gudummawar ma ba a mayar ba, tunda yanzu an san abin da ke cikinsa da ta inda ya shiga. Na sama aka ɗiba, na gindi aka wanke ƙarafa. Ni dai har yanzu in na sayi kananzir a wurinsa sai na shinshina, kuma maganar turare ban janye ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne, tsakanin rumfar Garba da tashar jirgi, in ka ƙwala kira za a ji. Da ya taka sau ɗaya, da idon nan nasa da ba ya barin komai, da tuni ya gani, da sun ci tuwo a kwano ɗaya kafin ya tafi. Shi bai je ba. Mamman kuwa yana gani kullum har ya daina gani. Haka Allah ya ƙaddara musu.

Allah ya jiƙan Garba, ya gafarta masa, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yadda ya riƙe amanar abin da ba ya iya kai ƙara, ya kuma tsare harshensa daga faɗin abin da idonsa bai gani ba, Allah ya sa masa a mizani. Allah ya ba Ladi haƙuri da dangana, ya raya marayun da ya bari, ya yi wa Haruna albarka ya ba shi hannun ubansa. Allah ya sanyaya zuciyar Mamman, ya yafe wa garinmu sunan da ya laƙaba masa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.

Amsar tambayar kuwa, gulbi ne ya zuba. Duron da ya wuni a rana, in aka jefa shi a ruwan sanyi sai ya tsuke, ya zuƙi ruwa ta bakin murfin da aka naɗe da leda.